Babi na Shida: Canza Batirin Mota da Hannunka

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a ƙasar Hausa ya san irin wannan safiyar. Hunturu ya buso, hazo ya rufe gari, yara sun shiga mota ana sauri kada a makara makaranta. Ka murɗa makulli, maimakon inji ya ɗauka sai ka ji ƙat-ƙat-ƙat daga gaba, fitilun da ke gaban direba suna dusashewa suna dawowa. In motar mai giyar hannu ce, sai a nemi samarin unguwa su tura. In otomatik ce kuwa, turi ba ya yi mata komai, sai a hau babur a tafi neman mai wayarin, wanda wataƙila bai ma buɗe shago ba.

A cikin ayyukan da mota ke buƙata, kaɗan ne suka kai canjin batir sauƙi. Sifana ɗaya ko biyu da rabin awa sun isa, kuma namiji da mace duk za su iya. Amma mutane sun rabu gida biyu a kansa. Wasu ko bonet ba sa yarda su buɗe, don suna ganin wuta za ta ja su. Wasu kuma sun raina aikin, har ka ga mutum yana kwance waya da taba a bakinsa. Mai tsoron da mai gangancin abu ɗaya ne ya haɗa su: ba su san dalilin kowane mataki ba. Shi ya sa a wannan babi duk matakin da na kawo zan haɗa shi da dalilinsa, domin wanda ya san dalili ba ya manta tsari.

Abin da ke cikin baƙin akwatin

Batirin da ke cikin yawancin motoci tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Plante ne ya ƙirƙiro irinsa a 1859, tun kafin a fara ƙera motocin fetur. Motocin farko da hannu ake tayar da su, a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaba a juya inji. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki, daga nan batir ya zama abin da mota ba ta tashi sai da shi.

A cikin akwatin akwai ɗakuna shida. Kowane ɗaki yana ɗauke da faranta na dalma da aka tsoma cikin ruwan asid, wato asid ɗin salfurik da aka sirka da ruwa. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, shidan suka haɗu suka ba da 12.6. Wannan shi ne batirin da ake rubuta wa 12V a jiki. Bolt 12 ba ya jan mutum, ko ka dafa kawunan biyu da busasshen hannu ba za ka ji komai ba. Haɗarin yana wasu wurare uku. Na farko, yawan wutar da batir ke iya saki a lokaci guda ya kai ɗaruruwan amfiya, wanda ya isa ya narkar da bakin sifana ko ya mayar da zoben hannu garwashi. Na biyu, asid ɗin yana cin fata da tufafi, yana makantar da ido. Na uku, batir yana fitar da iskar haidirojin, musamman lokacin caji, ita kuwa tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna ta, akwatin ya tarwatse a fuskar mutum.

Direbobi da yawa suna ɗora wa sanyi laifin mutuwar batir, don a lokacin hunturu ya fi ba da kunya. Gaskiyar ita ce zafin bazara ne ke kashe shi, sanyi tona asirinsa kawai yake yi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, cikin bonet ya fi haka nesa ba kusa ba. Ruwan batir yana ƙafewa, farantan suna cinyewa a hankali. Da sanyin Disamba ya zo, baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa, ƙarfin batir kuma ya ragu, sai wanda ya riga ya raunana ya kasa. A ƙasashe masu sanyi batir yana yin shekara uku zuwa biyar. A wurinmu, wanda ya haura shekara biyu ya kamata a fara sa masa ido.

Kafin ka kashe kuɗi

Ka ɗauki batir a matsayin randa, altaneta kuma ita ce mai kawo ruwa tana cika ta duk lokacin da inji ke aiki. In ka wayi gari randa babu ruwa, ɗayan uku ne: ko randar ta tsage, ko mai kawo ruwan ya daina zuwa, ko wani yana ɗiba da dare. Sayen sabuwar randa maganin na farkon ne kaɗai. Mutane da yawa sun sayi sabon batir, bayan kwana uku mota ta sake ƙin tashi, suka koma suna faɗa da mai shago, alhali altaneta ce ta mutu ko bel ɗinta ya saki.

Ƙaramar mitar gwada wuta, irin wadda masu gyaran waya da rediyo ke amfani da ita, za ta raba maka gardama. Ka bar motar ta huta na wasu awoyi, ka juya mitar zuwa 20V ta ɓangaren DC, ka ɗora jan tsinke a kan da ke da alamar +, baƙin kuma a kan mai alamar −. In ka ga 12.6, batir a cike yake. In 12.2 ne, rabi ya rage. In ya yi ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa, sai a kai shi caji a sake gwadawa. Sannan ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mitar. Lafiyayyen batir ba ya faɗowa ƙasa da 9.6 yayin da kik ke juyawa. In inji ya tashi, lambar ta kamata ta hau ta tsaya tsakanin 13.7 da 14.7. In ta tsaya a 12 da ɗan wani abu, altaneta ba ta caji. In ta wuce 15, tana cika caji, kuma za ta dafa duk batirin da ka saka.

Mai ɗiba da dare kuwa yawanci abu ne da aka ƙara wa motar ko wanda ya lalace: rediyo mai manyan sifiku, na'urar bin sawun mota da aka jona ba daidai ba, ko fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe. Ka kuma duba kawunan batirin kansu. Sau da yawa wani farin gari mai shuɗi-shuɗi ne ya taru a kai ya hana wuta wucewa, ko kuma kan ne ya saki. Wannan wanki da ɗauri kawai yake so.

Idan kuwa batir ya kumbura ta gefe, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko an yi masa caji ya cika amma kwana ɗaya ya sauke, to ya gama aikinsa.

A kasuwa

Kafin ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko shagon batir na garinku, buɗe bonet ka ɗauki hoton tsohon da wayarka: hoto ɗaya na rubutun jikinsa, ɗaya kuma na yadda yake zaune da wayoyinsa. Abu uku za ka dace da su.

Na farko ƙarfinsa, wanda ake rubutawa da Ah. Shi ne abin da 'yan kasuwa ke nufi in sun ce mai 45, mai 62, mai 75 ko mai 100. Ka sayi daidai da abin da kamfanin motar ya tsara, ko sama da shi kaɗan in wurin zai ɗauka. Kada ka yi ƙasa. Na biyu girman akwatin, tsawo da faɗi da tsayi, domin wanda ya yi tsayi da yawa kansa yana iya taɓa bonet. Na uku ɓangaren da kawunan suke. Wannan ne ya fi kayar da mutane. Batura biyu suna iya zama iri ɗaya a komai, amma a ɗaya + yana dama, a ɗayan yana hagu. A baturan motocin Japan irin su Toyota da Honda za ka ga lamba kamar 55D23L. Harafin ƙarshe, L ko R, shi ke nuna ɓangaren. Ka sayi mai harafi irin na tsohon, in ba haka ba wayoyin ba za su kai ba.

Ka tambayi ranar da aka ƙera shi. Batir yana sauke caji ko yana ajiye a shago, kuma wanda ya daɗe a ƙasa babu caji ya fara lalacewa tun kafin a ɗaura shi. Wanda bai wuce wata shida ba shi ne abin nema. Ka sa a ɗora masa mita a gabanka, in bai kai 12.4 ba ka ce a sauya. Ka karɓi rasit mai kwanan wata da tsawon garanti a rubuce. Batir na hannu, wanda ake kira ɗan Kwatano, yana da sauƙin kuɗi, amma babu wanda zai iya gaya maka shekarun da ya yi yana aiki kafin ya tsallako teku. Araha ba ta ado. A hanyar dawowa gida kuma ka ajiye shi a tsaye, ka tokare shi kada ya kife.

Shiri

Ka tsayar da motar a fili mai iska, a kan ƙasa mai daidai, ka ja birkin hannu. Kashe inji da fitilu da rediyo, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka sauke gilashin ƙofa ɗaya, domin wasu motocin suna kulle kansu da zarar wuta ta dawo. In ka dawo daga tafiya ne, bari inji ya huce. Cire zobe da agogo da duk wani ƙarfe da ke hannunka. In babbar riga ce a jikinka, ko mayafi, a ajiye su gefe. Kada a kusanto da taba ko ashana ko fitilar ƙwai, yara kuma su ja baya.

Kayan aikin su ne sifana lamba 10, wadda ita ce ta kawunan batir a mafi yawan motoci, da lamba 12 ko 13 saboda ƙarfen da ke danne batirin a wasu. Sai safar hannu ta roba, tabarau, tsumma, tsohon burushin haƙori, ɗan giris ko man basilin, da bokitin ruwa mai tsabta a kusa. Ka kuma jiƙa kanwa kaɗan a kofi. Kanwar da ake sawa a miyar kuka tana kashe kaifin asid, aikinta ɗaya da bekin soda da littattafan Turawa ke cewa a yi amfani da ita.

Wasu rediyoyin mota, musamman na tsofaffin Honda, suna kulle kansu in wuta ta yanke, sai an danna musu lambar sirri. Ka nemi lambar a takardun motar kafin ka fara.

Cire tsohon: baƙi ne farko

Kan da ke da alamar − shi ake fara kwancewa. Yawanci wayarsa baƙa ce, kuma ya fi ɗan'uwansa siranta. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin a tsofaffin motoci an sha canza wayoyi. Ka nemi alamar da aka zana a jikin akwatin.

Ga dalilin. In ka bi baƙar wayar da ido za ka ga ba ta yi nisa ba, an ɗaure ta a jikin motar. Ma'ana, duk ƙarfen motar, daga inji har bodi, ɓangaren − ne. Muddin baƙar wayar tana haɗe, in ka ɗora sifana a kan + sannan gindinta ya goga wani ƙarfe na kusa, ka haɗa kawunan batir biyu kai tsaye ta cikin sifanar da ke hannunka. Tartsatsi zai tashi, sifanar tana iya mannewa ta yi ja, kuma duk wannan a saman akwatin da ke fitar da iska mai kamawa da wuta. Amma in a kan − kake aiki, ko sifana ta taɓa bodi babu abin da zai faru, don dama a haɗe suke. Da zarar ka cire baƙar wayar, jikin motar ya rabu da batir, sai kwance jar ya zama babu haɗari. Abin da ya rage ka kiyaye shi ne kada wani ƙarfe ya haɗa kawunan biyu, don haka ba a ajiye sifana a saman batir.

Sassauta notin, ba sai ka fitar da shi gaba ɗaya ba. Ka murɗa kan wayar hagu da dama kana ɗagawa har ya fita. In ya kafe, ka zura bakin sukudireba a tsagarsa ka ɗan buɗa. Kada ka buga shi da guduma ko dutse, domin sandar batirin dalma ce, tana da laushi, kuma tana iya karyewa ta ciki. Ka tura wayar gefe ka naɗe ta da tsumma kada ta dawo ta taɓa. Sannan ka ɗaga jan murfin roba ka kwance ta + haka nan. Daga ƙarshe ka kwance ƙarfen da ke danne batirin, ko ta sama yake ko ta gindi.

Batirin ƙaramar mota yana kai kilo 12 zuwa 20. Ka kama shi da hannu biyu, ka ɗaga shi a miƙe ba tare da karkatawa ba, kuma kada ka rungume shi a ƙirji. In asid ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti ba tare da jira ba.

Ɗaura sabon: baƙi ne ƙarshe

Kafin sabon ya shiga, ka wanke mazauninsa. Tsoma burushi a ruwan kanwa ka goge cikin kawunan wayoyin. Za ka ga farin garin yana kumfa yana narkewa. Ka ci gaba har ƙarfen ya yi haske, ka ɗauraye, ka tsane da tsumma. Kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, don zai kashe asid ɗin.

Zaunar da sabon, ka fito da hoton da ka ɗauka ka gwada: + yana inda + na tsohon yake? Kada ka wuce wannan mataki da sauri. Juya wayoyi, ko na daƙiƙa ɗaya ne, yana ƙona babban fis, yana iya kashe altaneta, har ya kai ga ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa.

Mayar da ƙarfen dannewa ka ɗaure har batirin ya daina motsi. Motoci da yawa a titunanmu sun rasa wannan ƙarfen, an maye gurbinsa da igiyar roba ko an bar batirin haka nan. A hanya mai ramuka girgiza tana kakkaɓe farantan ciki, batirin kuma yana iya zamewa kansa ya taɓa ƙarfe. In naka ya ɓata, ka sayi wani a ranar.

Yanzu sai a juya tsarin: ja ne farko, baƙi ne ƙarshe, saboda dalilin nan dai na ɗazu. Ka danna kan wayar + har ƙasa, ka ɗaure, ka mayar da murfinsa. Sannan ka ɗora ta −. Kana iya ganin ɗan ƙaramin tartsatsi a nan, wannan ba komai ba ne, agogo da ƙwaƙwalwar mota ne suka ja wutarsu. Ɗaurin da ake so shi ne wanda in ka kama kan da hannu ba zai juya ba. In ka ƙure noti amma yana juyawa, kan wayar ya buɗe, sai a sayi sabo. Cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani yana haifar da zafi da tartsatsi. Bayan ka ɗaure, shafa giris kaɗan a sama don hana garin nan dawowa.

Tayar da motar ka sake ɗora mita ka tabbatar da caji. Ka gyara agogo da tashoshin rediyo. Wasu motocin za su ɗan yi rawa a silo na ɗan lokaci kafin ƙwaƙwalwar ta sake daidaita kanta.

Inda ya kamata ka tsaya

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejoji da tashoshi: a cire kan batir inji yana aiki, wai in motar ba ta mutu ba altaneta lafiya take. Haka nan wasu ke tayar da mota da batirin aro, su zare shi su mayar da nasu ba a kashe inji ba. A tsofaffin motoci marasa ƙwaƙwalwa an sha yin haka an tsira. A motar yau, batir shi ke shanye hauhawar wutar altaneta, in ka cire shi wutar tana iya tsalle ta ƙona na'urori. Kada ka yi, kuma kada ka bari a yi maka.

In batirinka mai marufai ne da ake buɗewa, ruwan da ake ƙara masa shi ne tataccen ruwa na musamman da ake samu daga tururi. Ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan, don haka ba a ƙara asid. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna da gishirin da ke lalata farantan.

Akwai motocin da ya fi kyau a bar wa masani. Waɗanda ke kashe inji da kansu a danja suna amfani da batir na musamman mai alamar AGM ko EFB, kuma dole a mayar da irinsa. BMW da Audi na zamani da wasu motocin Jamus suna buƙatar a jona kwamfuta a sanar da su an sa sabon batir, in ba haka ba za su ci gaba da yi masa cajin tsoho. Wasu batirinsu a but yake ko a ƙarƙashin kujera, da ɗan siririn tiyo mai fitar da iska waje, wanda dole a mayar da shi. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Toyota Prius kuwa suna da babban batir mai kusan bolt 200, wayoyinsa ruwan lemo ne. Wannan yana kisa, ba a taɓa shi a gida.

Tsohon batir amana ce

Abin da ka cire guba ce mai nauyin kilo da yawa. Mun san abin da dalma ke yi. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan. A Senegal, a wata unguwa da ke gefen Dakar, yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ana fasa tsofaffin batura ana tace dalmarsu a inda suke wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira mara illa. Wanda bai mutu ba, tana taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

Don haka kada ka fasa shi, kada ka zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada ka ajiye shi a tsakar gida ko a ɗakin kwana. Mafi yawan masu sayar da batir suna karɓar tsoho su rage maka kuɗin sabo, domin ana narkar da dalmarsa a sake ƙera wani. Ka mayar musu da shi a rufe, da ruwansa a ciki, a ranar da ka cire shi. In ka dawo, ka wanke hannunka da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro.